Baba Gausu Mai Waƙa Ɗaya

Shekara ashirin da biyar, da an sallame sallar asuba Baba Gausu ba ya komawa ɗaki. Yakan biya wurin Mma Asana mai koko a bakin lungun masallaci, ya sha ƙwarya ɗaya a tsaye, sa'an nan ya rataya jakarsa ya bi hanyar Mampong zuwa inda fataken arewa ke sauke kaya. Kowa da abin da ya kai shi can. Masu masauki na neman baƙi, mahauta na taya shanu, dillalai na shinshinar labarin hanya. Shi kuwa Gausu kayan mutane yake kallo. Ya san yadda wuyan goge ke leƙowa daga naɗin tabarma, ya kuma san mutumin da ke sauke wani ɗan ƙunshi a hankali fiye da sauran kayansa. Da ya hango irin wannan sai ya matsa, ya yi sallama, ya yi barka da hanya, ya tambaya me aka zo mana da shi.

Baduku ne. Daga Salaga ya zo, a shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kumasi, da basillarsa da wuƙarsa da 'yan fatu a kafaɗa. Takalma yake ɗinkawa da kube da layu, da su yake ci. Amma duk Zango, daga Bahaushe har Bawangare har Bamoshe, in aka ce Gausu, gyaran goge ke zuwa wa mutum a rai. Yanzu hannunsa ya soma rawa, basilla na kuɓuce masa, kuma ranar Alhamis da ta wuce ya shaida mana cewa ya ajiye aiki. Ni Muniru, mai rubuta wa fatake wasiƙa a gindin masallaci, na ga bai dace mutum irin wannan ya sauka shiru ba. Ga shi kuma akwai wani laifi da na yi masa, wanda zan faɗa da bakina in mun kai wurin. Ina rubuta wannan a shekara ta 1346, wadda Turawa ke kira 1928.

Wanda bai taɓa zama a kurmin Asante ba, ba zai gane abin da ke samun goge a nan ba. A arewa, fatar guza da ke bakin ƙwaryar in ta saki, sai a ajiye ta a rana ɗan lokaci, ta ɗame. Nan kuwa ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, in ya ɗauke laima ta gaje shi, ranar ma sai ta ga dama take fitowa. Makaɗi ya yi tafiyar wata biyu, ya iso, ya kwance gogensa, ya ja izga, sai ya ji wata murya kamar ta mai mura. Hankalinsa ya tashi. Da yake babu rana, sai ya nufi murhun matar mai masauki ya kara fatar a wuta, ya ji ta soma ɗamewa, ya ƙara matsawa, sai kawai tas! Gausu ya ce duk shekara sai ya karɓi irin wannan gawa goma ko fiye, kuma kowane mai ita yakan rantse shi bai taɓa kai ta kusa da wuta ba, alhali ga baƙin hayaƙi a gindin ƙwarya. Ga kuma matsalar tsirkiya. Gashin wutsiyar doki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a ƙasar nan saboda ƙudan tsando. In tsirkiyarka ta tsinke a Kumasi, to ko dai ka jira komawa gida, ko ka nemi Gausu, wanda ke roƙon madugai su riƙo masa izga daga Yendi da Sansanne Mango, yana adana ta cikin gora da toka don kada laima ta ci ta.

In ya gama gyara, abin da ka miƙa masa shi zai karɓa, ba ya dubawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a kansa ba ya sassautawa: ranar Alhamis bayan la'asar za ka zo tsakar gidansa ka yi kiɗa a gindin mangwaro, ƙofa a buɗe, duk mai so ya shigo.

Abin da muka ji a gindin mangwaron nan, wallahi ba zan iya ƙirga shi ba. Mun ji makaɗan Dagomba masu jero sunayen kakannin sarakunansu har rana ta faɗi ba su kai rabi ba. Mun ji wani Bazabarme da ya sa gogensa kukan tantabara, yaran unguwa suka yi ta duba rufin ɗaki. Akwai wani tsoho mai gurmi daga Kabi da ya yi waƙar masunta, Alhaji mai masaukin shanu, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya rufe fuska da hannun riga, ashe shi ma Bakabe ne. Har Asantawa maƙwabta sukan leƙo, wata rana ɗayansu ya kawo molonsu mai tsirkiya da yawa, aka yi ta musayar kiɗa ba mai jin harshen wani. Da akwatin garmaho ya iso kantin wani Basiriye a Kejetia, maza suka riƙa cincirindo a ƙofa, Gausu ya je sau uku ya saurara. Sai ya tuna matan Zango ba za su iya zuwa su tsaya a bakin kanti ba. Yadda ya yi da Basiriyen nan ban sani ba, sai dai ranar Alhamis muka ga akwatin a kan turmi a tsakar gida, mata sun cika soro suna neman inda mutumin ya ɓuya a ciki. Na tambaye shi yadda ya ga abin. Ya ce abin mamaki ne ƙwarai, aibinsa ɗaya, ba ka iya tambayar mai waƙar garinsu.

Ba kowa ne ke murna da wannan zama ba. Malamina, Malam Jibirin, wanda ya koya mini riƙon alƙalami, ya sha faɗa a karatu cewa goge ba abin mutumin kirki ba ne. In hanya ta biyo da shi ƙofar gidan ran Alhamis yakan ɗaure fuska ya wuce, ko da yake mun lura sauri yake yi kafin ya iso ƙofar, da ya iso kuma sai takalminsa ya soma ba shi wahala. Gausu bai taɓa musu da shi ba. In sun haɗu yakan durƙusa ya gaishe shi, kuma shi ke ɗinka wa littattafan Malam gafaka.

Yanzu ga laifina. Duk gogen da Gausu ya gyara, kafin ya miƙa wa mai shi sai ya gwada shi da kansa, kuma waƙa ɗaya tak yake gwadawa da ita. Wata 'yar guntuwa ce, tana hawa, ta ɗan sauko, ta sake hawa, sai ta yanke a tsakiya kamar wanda aka kira yana cikin magana. Ba ya kallon gogen in yana kaɗa ta, fuskar mai gogen yake kallo. Yau ita, gobe ita, baɗi ita. Ni da bakina mai kaifi, ina saurayi a lokacin, na ce a gaban jama'a mutumin da waƙoƙin duniya suka bi ta gidansa amma ɗaya kaɗai ta maƙale masa, ita ma rabi. Na raɗa masa Gausu Mai Waƙa Ɗaya, aka yi dariya, sunan ya bi shi har kasuwa. Shi ma murmushi ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu, domin waƙar nan ba tasa ba ce, amana ce aka ba shi.

Ta Mma Asana ce, mai kokon nan. Daga baya ta ba ni labarin da bakinta, ta kuma yarda in rubuta. Tana yarinya ƙarama, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, mahaya suka faɗa wa ƙauyensu da hantsi. An kama ta tun ba a yi mata tsagar gidansu ba, aka sayar da ita a Salaga, aka sake sayarwa, aka sa mata Asana, har ta tsinci kanta a Kumasi, inda daga baya bauta ta ƙare ta zauna da kanta. Harshensu ya zube mata a hanya. Sunan garinsu, sunan ubanta, har sunan da uwarta ke kiran ta da shi, duk sun tafi. Ta yi aure a Zango, mijin ya rasu, ba ta samu haihuwa ba. Kowa a nan baƙo ne, amma kowa in an tambaye shi yakan ce Katsina, ko Wagadugu, ko Jega. Ita in aka tambaye ta sai ta ci gaba da dama koko. Abin da ta fi tsoro, in ji ta, shi ne ta mutu a binne ta ba wanda zai iya cewa 'yar gidan wane ce.

Wata safiya, shekara goma sha tara kafin abin da zan faɗa, Gausu na shan koko ya ji tana wani ɗan amo a maƙogwaro, ba kalmomi. Kunnensa da ya san kiɗan ƙasashe bai san wannan ba. Ya tambaye ta daga ina.

"Yaya Gausu, ni ban san gari na ba ko kaɗan," in ji ta. "Wannan kaɗai na fito da shi. Wani mutum yana buga shi da goge a ƙofar gida namu."

Ya sa ta maimaita sau uku, ya tafi da shi a kai, ya zauna da wani tsohon goge har ya kama shi daidai. Bai yi mata alkawarin komai ba, bai kuma gaya wa kowa ba, don kada a mai da ita abin nuni a unguwa. Dabararsa ita ce wadda na yi wa dariya. Duk makaɗin da ya shigo Kumasi daga arewa, ko ba daɗe ko ba jima laima za ta kawo shi hannun Gausu, kuma duk wanda ya zo sai ya ji waƙar nan. Wata rana wani zai gane ta.

Kai ne ka yi wannan, Baba. Kai ne ka kaɗa rabin waƙa a gaban mutum ɗari da ɗari kana duban idonsu, ɗaya bayan ɗaya suna cewa goge ya yi kyau, su karɓa su tafi. Kai ne ka riƙa komawa wurin mai koko kowace safiya, ba ta tambaya, ba ka cewa komai, ku duka kun san amsar. A shekarar annobar mura, da hanya ta mutu ba fatake, mutane na ta kansu, an gan ka kana gwada waƙar kai kaɗai don kada yatsu su manta. Ni da na yi shekara uku ina jiran amsar wasiƙa ɗaya daga Kano har na yi fushi da duniya, in na tuna wannan sai kunya ta kama ni.

Ranar da abin ya faru ina wurin, na je karɓar takalmina. Damina ce ta bara, wata Talata da hantsi. Wani ɗan dako mai suna Bukari, Bagurunshe dogo mai tsaga a kumatu, ya kawo ɗan ƙaramin gogensa wanda ya fasa a murhu kamar sauran 'yan'uwansa. Ba makaɗin sarki ba ne, huhun goro yake ɗauka daga Zango zuwa tasha, gogen na ɗebe kewa ne. Gausu ya gama ɗaure sabuwar fata, ya goga ƙaro a izga, ya soma waƙarsa ta kullum. Ni har na buɗe baki zan yi tsokanata, sai na ga Bukari ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, yana waige-waige a tsakar gida.

"Baba, tsaya," ya ce da 'yar Hausarsa. "Wane ne ɗan gida a nan?"

Gausu ya tsaya. Ya ce wane gida.

"Wannan kiɗi, ba a buga shi banza. Na gida ɗaya ne. Sai ɗan gida yana wurin."

A hankali, da Hausa da hannu da taimakon wani ɗan dakon da muka kira daga waje, muka fahimci zancen. A ƙasarsu kowane babban gida da takensa, kuma makaɗi ba ya taɓa taken wani gida sai in jinin gidan na zaune a wurin. Wannan na gidan masu ƙasa ne a wani ƙauye da ake kira Dasungu, a gindin duwatsu, tafiyar kwana huɗu gaba da Gambaga. Kakar Bukari ta wajen uwa daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su take, ya sha jin taken a wurin makoki. Shi ya sa ya cire hula.

Gausu ya dube ni ya ce in je in kira Asana, kada in gaya mata komai. Ban taɓa gudu da rawani a kaina ba sai ran nan. Ta zo tana goge hannu a zane, tana mitar an tashe ta daga kan tukunya. Gausu ya shimfiɗa mata buzunsa, ya miƙa wa Bukari gogen, ya ce masa ga 'yar gida.

Bukari ya durƙusa a gabanta ya soma. Waƙar ta hau, ta ɗan sauko, ta sake hawa, ta iso inda duk Zango ya san tana yankewa. Sai ta wuce. Jama'a, shekara goma sha tara ina jin waƙar nan tana tsayawa a wuri ɗaya, ban taɓa kawo wa raina tana da gaba ba. Mma Asana ba ta yi kuka ba da farko. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta na motsi, can sai muka ji wasu kalmomi na fitowa daga bakinta, ba Hausa ba, ba Asantanci ba, tana bin kiɗan da su, ita kanta ba ta san me suke nufi ba. Bukari ya amsa mata, hawaye na bin tsagarsa. Da aka gama ta sa aka faɗa mata sunan ƙauyen, ta maimaita, aka sake faɗa, ta sake maimaitawa, sannan ta juya wurina ta ce in rubuta mata shi a takarda yanzu-yanzu kada ya sake ɓacewa. Shi kuwa Gausu ya koma gefe ya ɗauki takalmina yana duba ɗinkin da ya riga ya gama tun jiya.

Labari ya game Zango kafin azahar. Washegari Malam Jibirin da kansa ya shiga gidan, karo na farko, ya zauna a gindin mangwaro. Bai janye maganarsa a kan goge ba, Malam ba ya janye magana. Abin da ya ce shi ne ya yi shekara arba'in yana karantar da falalar sada zumunci, ga baduku ya sada wanda aka yanke da takobi. Ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa. Ni ma a ranar na nemi gafarar Gausu a kan sunan da na raɗa masa. Ya ce in bar shi, ai gaskiya na faɗa, ɗayar ce ya iya.

Da rani ya shigo, hanya ta bushe, Mma Asana ta ba wata maƙwabciya tukunyarta, ta hau motar Tamale tare da Bukari, takardar nan a cikin layar da Gausu ya ɗinka mata. Wasu sun hana ta. Sun ce shekara hamsin ba kwana hamsin ba ne, wataƙila kufai za ta tarar, ko mutanen da ba su san da ita ba. Ta ce ko kufai ne tana so ta gan shi. Wata biyar ba labari, kuma na san Gausu bai samu natsuwa ba, yana tunanin ko ya tura tsohuwa ga baƙin ciki ne.

A cikin watannin nan wani abu ya faru da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɓoye, sun zo wurinsa da irin nasu guntun amon. Akwai mai wankin kaya, akwai tsohon da ke sharar kasuwa, akwai mata biyu da muke gaisawa da su kullum ba mu taɓa tambayar su garinsu ba. Gausu ya saurare su duka, ya riƙe a kai, amma yatsun da za su kaɗa sun gaji. Don haka ina kira ga dukawan Zango da makaɗanta da duk mai kunne: ku je ku zauna a gabansa tun yana nan, ku koyi ɗaurin fata, ku karɓi waƙoƙin nan huɗu. Wanda ba zai iya wannan ba, to in ya ji tsohuwa na amo a kan turmi, ya tsaya ya tambaye ta daga ina.

Baba Gausu, kunnen Zango, baduku mai ɗinke abin da ya fi fata wuyar ɗinki, mun gode. Mun gode da Alhamis ɗin da ka ba mu, mun gode da haƙurin da ka yi da bakinmu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka sauƙi, ya sa ka gama lafiya.

Amma godiyar da ta fi tamu nauyi ba daga Kumasi ta fito ba. Ranar Alhamis ɗin da Gausu ya ajiye aiki, ana cikin taro, Bukari ya shigo da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya ce sun tarar da gidan a tsaye. Mai gidan yanzu wani tsoho ne, ƙanin Mma Asana, wanda yake goye a bayan uwarsu ranar da mahaya suka zo, ya tashi yana jin ana cewa yana da yaya da aka tafi da ita. An kaɗa mata taken tun daga bakin gari har ƙofa. Gausu ya tambaya ko ta ba da saƙo. Bukari ya ce ɗaya ne, ta sa ya maimaita shi sau uku don kada ya ɓata shi a hanya.

"Ka gaya wa Yaya Gausu, na kwana a ɗakin uwata."